Tasirin Zaman Gari a kan Yadda Tsuntsaye Mawaƙa ke Ciyar da 'Ya'yansu: Nazari daga Ƙasar Maska

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda bunƙasar gari ke sauya abincin da tsuntsaye mawaƙa ke kai wa 'ya'yansu a sheƙa. Farfajiyar nazarin ita ce ƙasar Maska, wato yankin noma na Funtua, tare da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna cewa iyayen da ke birni ba su gaza na daji kai-komo ba, abin da suke ɗaukowa a baki ne ya gaza. Maƙalar na ganin ba za a ɗauko wannan sakamako a ɗora wa Funtua yadda yake ba, domin garuruwan yankin cike suke da hatsi, gonakin da ke kewaye da su kuma suna shan feshi kowace damina.

1.0 Gabatarwa

Manufar maƙalar ita ce fayyace hanyoyin da zaman gari ke bi ya taɓa ciyarwar 'yan sheƙa, sannan a fitar da hasashen da za a iya gwadawa a fili. Tsuntsaye mawaƙa a nan na nufin rukunin da masana ke kira Passeri. Daga cikinsu akwai gwara (Passer griseus), da marai mai saƙa sheƙa a rataye (Ploceus cucullatus), da baiwar Allah (Lagonosticta senegala), da jan-baki (Quelea quelea), da kanari, da suda.

Abin da ya haɗa su shi ne yanayin ƙyanƙyasa. Ɗan kaza ko na zabuwa yana fitowa daga ƙwai da gashinsa, idonsa a buɗe, ya bi uwa kiwo. Ɗan tsuntsu mawaƙi kuwa tsirara yake fitowa, idonsa a rufe, ba ya iya komai sai buɗe baki. Cikin mako 2 zuwa 3 nauyinsa kan ninka sau 10 ko fiye, ya yi ƙashi da tsoka da fukafukai, kuma duk abin da ya gina wannan jiki, har ruwan da ke cikinsa, a bakin iyaye ya zo.

An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi 3. Yawan zirga shi ne adadin zuwan iyaye sheƙa da abinci a cikin awa guda. Ingancin loma shi ne nau'i da girma da sinadaran abin da aka kawo a kowane zuwa. Nasarar sheƙa ita ce adadin 'ya'yan da suka tashi, da nauyinsu a lokacin tashi.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Turai da Amurka

Tun a 1947 David Lack ya kawo ra'ayin cewa yawan ƙwan da tsuntsu ke yi ya danganta da yawan bakin da iyaye za su iya ciyarwa. Alexander Skutch, wanda ya yi aiki a Amurka ta Tsakiya, ya ƙalubalanci wannan a 1949. A ganinsa, a ƙasashe masu zafi yawan zirga kan tona asirin sheƙa ga maharan ƙwai, don haka iyaye ke taƙaita 'ya'ya. Duk wanda zai yi magana a kan Najeriya dole ya riƙe ra'ayoyin biyu.

A 2009 Chamberlain da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a birane a mujallar Ibis. Sun samu cewa tsuntsayen birni kan riga na daji yin ƙwai, amma ƙwan nasu bai kai yawa ba, 'ya'yansu ba su kai nauyi ba, waɗanda ke tashi daga kowace sheƙa kuma sun gaza. Dalilin ya fito fili a aikin Seress da tawagarsa a ƙasar Hangari a kan Parus major, wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji. A rahotonsu na 2018, nauyin tsutsar ganye a daji a lokacin da ta fi yawa ya ninka na birni sau 8.5 zuwa 24. A 2020 suka buga sakamakon gwajin da ya fi kowanne ƙarfin hujja. Sun ajiye wa wasu iyayen birni tsutsa mai rai kusa da sheƙa, sai 'ya'yansu suka kusan kamo na daji a girma da rayuwa, alhali ƙarin bai yi wani tasiri a daji ba. Wannan ya nuna cewa yunwa ce a kan gaba.

Ba kasala ce ta iyaye ba. A Suwidin, Isaksson da Andersson sun samu a 2007 cewa iyayen birni sun fi na karkara yawan zirga. A Gilasgo ta Sikotilan, Pollock da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa iyayen birni kan kawo tsutsa kaɗan, su cike gurbin da abincin da mutane ke zuba wa tsuntsaye, kamar ɓarzajjiyar gyaɗa. A 2020 Jarrett da tawagarta sun ƙara da cewa iyayen birnin sun fi tafiya nesa kafin su samu loma. A Lesta ta Ingila kuma, a 2008 Peach da abokansa sun danganta mutuwar 'ya'yan gwarar gida (Passer domesticus) da ƙarancin ƙwari da yawan tsirrai a abincinsu. Ƙidayar zuwa kasuwa ba ta faɗin abin da ke cikin kwando, don haka yawan zirga shi kaɗai ma'auni ne mai yaudara.

2.2 Najeriya da Afirka ta Yamma

Nazarin tsuntsayen Arewa yana da tarihi. C. H. Fry ya rubuta a kan tsuntsayen Zariya a shekarun 1960 lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Sharland da Wilkinson sun fitar da jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus a 1981. Aikin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Peter Ward a kan jan-baki a yankin Tafkin Chadi, wanda aka buga a 1965. Jan-baki maci ƙwayar ciyawa ne, manoma ma sun san ɓarnarsa a gero da dawa da shinkafa, amma Ward ya nuna cewa a kwanakin farko da ƙwari yake haɗa abincin 'ya'yansa, musamman tsutsa da 'ya'yan fara.

Daga cibiyar A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, Cox da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa yawancin tsuntsayen dajin savana na iya hayayyafa a watanni da yawa na shekara, sai dai kowane rukuni na da lokacin da ya fi ƙarfi, kuma masu cin ƙwaya sun fi karkata ga ƙarshen damina da farkon kaka. Bitar da Awoyemi da Ibáñez-Álamo suka yi a 2023 ta nuna cewa nazarin muhallin birane a Afirka ya taru ne a ƙasashe ƙalilan, Afirka ta Kudu a kan gaba.

3.0 Hanyar Nazari da Farfajiyarsa

An bi hanyar kwatance. An ɗauki sakamakon ayyukan da aka ambata, an ware dalilin da ke ƙarƙashin kowanne, sannan an auna ko sharuɗɗan da suka haifar da shi suna nan a ƙasar Maska. Duk alƙaluman da ke cikin maƙalar daga ayyukan da aka buga suke. Abin da aka faɗa game da sheƙunan yankin an gabatar da shi a matsayin hasashe.

Maska tsohon gari ne da ya yi suna a saƙa da rini, kuma har yau sarautar Sarkin Maska ce ke riƙe da Funtua. Layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda da injin gurzar auduga ne suka ɗaga Funtua a zamanin mulkin mallaka. A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara da feshi. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Funtua mutum 225,571, Malumfashi kuma 182,920. Ruwan sama na kaiwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Masara da dawa da waken suya da auduga ne manyan amfanin gona, ga noman rani a fadamu da kewayen madatsun Mairuwa da Gwaigwaye.

4.0 Nazari

4.1 Gari mai hatsi

Babban bambancin Funtua da Gilasgo shi ne, a Funtua ba sai an zuba wa tsuntsu abinci da gangan ba. A ƙofar kowane injin niƙa akwai gari da dusa a ƙasa. Inda ake auna masara, inda ake ɗinke buhu, inda ake loda babbar mota, inda mata ke sussuka da sheƙe hatsi a tsakar gida, duk ƙwaya na zuba. Babban tsuntsu maci ƙwaya ba zai kwana da yunwa a irin wannan gari ba, ko da rani.

Sai dai abin da ke riƙe babba ba shi ke gina ƙarami ba. Busasshiyar masara na da ruwa kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100, tsutsar ganye kuwa kusan kashi 80. Tun da ɗan sheƙa ba ya zuwa bakin ruwa, wannan bambanci na da nauyi a zafin Maris zuwa Mayu, musamman ga sheƙar da aka yi a ƙarƙashin rufin kwano. Sinadarin gina jiki na masara kuma yana da ƙarancin laisin da tiriftofan, waɗanda jiki mai girma ke buƙata. Akwai ma abin da sai a wasu halittu ake samunsa da yawa. Ramsay da Houston sun nuna a 2003 cewa gizo-gizo na ɗauke da sinadarin taurin fiye da tsutsa, kuma iyaye kan ƙara kawo shi a kwanakin farko na rayuwar 'ya'ya.

Daga nan hasashe na farko ya fito. Hatsin gari na iya tara iyaye masu yawa da ƙoshin jiki, su yi ƙwai, sannan ƙwarin da ke wurin su kasa ɗaukar bakunan da aka ƙyanƙyashe. Idan haka ne, yawan gwara a kasuwa ba shaida ba ce ta lafiyar sheƙunanta.

Hasashen bai shafi kowa daidai ba, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Baiwar Allah, wadda ke sheƙa a jinkar ɗaki da ramin katanga, da ƙananan ƙwayoyin ciyawa take ciyar da 'ya'yanta, tana amayo musu daga maƙoƙo, da ɗan ƙarin gara. Fatar wuyan ɗan tana da shara-shara, har ana iya hango ƙwayoyin a jere a cikin maƙoƙonsa bayan an ciyar da shi. Irin wannan tsuntsu na iya cin ribar gari. Marai da gwara suna tsakiya, manya na cin hatsi, 'ya'ya na buƙatar ƙwari. Masu cin ƙwari zalla su ne a ƙarshen layi. Duk binciken da ya haɗa rukunan uku a lissafi ɗaya zai fitar da matsakaicin da bai dace da ko ɗaya ba.

4.2 Itatuwan gari

Tsutsa ba ta cin kowane ganye. A Washinton, Narango da Tallamy da Marra sun nuna a 2018 cewa tsuntsun Poecile carolinensis na iya riƙe yawansa ne kawai a gidajen da baƙin tsirrai ba su kai kashi 30 cikin 100 na tsirran wurin ba, domin ƙwarin ƙasa sun saba da tsirran ƙasa.

Wanda ya bi titunan Funtua ko Malumfashi ko Bakori, itacen da zai fi gani a bakin hanya da harabar makarantu shi ne darbejiya, wadda ake kira bedi a ƙasar Katsina, sai mangwaro da turare. Dukansu baƙi ne. Darbejiya daga yankin Indiya ta fito, an kawo ta Borno a 1928. A 1959 Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye sauran itatuwa ta bar ta, a 1968 kuma Butterworth da Morgan suka ware sinadarin azadiraktin da ke hana ƙwari cin ganyenta. Manomin da ke zuba ganyen bedi a rumbu ya riga ya san wannan aiki nata. Tana ba da inuwa da reshen sheƙa da 'ya'yan da wasu tsuntsaye ke sha, amma a fannin tsutsa hannunta a rufe yake.

Zwarts da abokan aikinsa, bayan ƙidayar tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, sun ruwaito a 2015 cewa masu cin ƙwari sun fi taruwa a gawo da aduwa da dangin ƙaya, suna ƙaurace wa darbejiya da turare. Abubuwa biyu ke buƙatar lura. Da rani aka yi ƙidayar, lokacin da gawo ke da ganye, shi kuwa da damina yake zubar da shi, daidai lokacin da marai ke ciyarwa. Na biyu, kaɗanya 'yar ƙasa ce amma ita ma ba ta tara tsuntsaye ba. Ke nan raba itatuwa gida biyu, na ƙasa da baƙi, bai isa ba. Sai an auna ɗorawa da tsamiya da kuka da marke da ɓaure kowanne da kansa, kuma a watannin ciyarwa.

4.3 Ƙara da haske

Ciyarwa zance ce tsakanin uwa da ɗa. Uwa ta sauka ta yi kira, 'ya'ya su ɗaga kai su yi kuka, ƙarfin kukan ya gaya mata ko ta ƙara himma. A tsibirin Lundy na Ingila, Schroeder da tawagarta sun samu a 2012 cewa gwarar da ta yi sheƙa kusa da janaretocin lantarki ta fi rasa 'ya'ya, waɗanda suka tashi ba su kai nauyi ba, uwayen kuma sun rage zirga. Leonard da Horn sun nuna a wannan shekarar, a Kanada, cewa ƙara kan sa 'yan sheƙa su kasa jin isowar iyayensu.

Wannan sakamako ya fi kowanne saurin dacewa da yankinmu, domin janareta da injin niƙa suna cikin unguwa, ga manyan motoci a hanyar Zariya zuwa Gusau. Injin niƙa ya haɗa abu biyu, shi ne inda hatsi ya fi zuba, shi ne kuma inda ƙara ta fi yawa.

Haske kuwa yana da fuska biyu. Titulaer da abokan aikinta sun samu a 2012 a Holan cewa hasken dare na ƙara wa uwa zirga. A nan gida, bayan ruwan farko shinge kan taso da magariba ya yi dafifi a kan fitila, yara su tara shi a kwanon ruwa, da asuba a tarar da fukafukai da ragowarsa a ƙasa. Fitilun sola da suka yawaita na tara wannan abinci mai maiƙo a wuri guda, sai dai kwaɗi da tsaka da ƙadangaru da kaji ma suna jira a wurin.

4.4 Karkarar da ake kwatantawa da ita

A Hangari da Sikotilan, kishiyar birni daji ce mai manyan itatuwa, inda tsutsa ke ɓarkewa sau ɗaya a bazara. Kishiyar Funtua gona ce. A watan Janairun 2016 aka fara gano tsutsar masara Spodoptera frugiperda a Najeriya, a shekarar kuma Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatir a Arewa. Martanin manomi shi ne feshi, kuma maganin ba ya tantance tsutsar da ke cin masara da wadda tsuntsu ke nema. Maganin ciyawa, wanda ya rage wa manoma wahalar noman hannu, yana kashe ciyawar tun kafin ta yi ƙwaya, ƙwayar nan mai taushi kuwa ita ce abincin 'ya'yan baiwar Allah da kanari. A Holan, Hallmann da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa inda maganin imidakulofirid ya wuce nanogiram 20 a kowace lita ta ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari na raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin 100 a shekara.

Hasashe na biyu ke nan, kuma shi ne mafi muhimmanci a maƙalar. A ƙasar Maska giɓin da ke tsakanin gari da gona na iya zama ƙarami, ko ma ya juye a makonnin feshi. Tsohuwar unguwa mai turken dabbobi da juji da kududdufi da maƙabarta mai tsofaffin itatuwa na iya fin gonar masara ƙwari. Sabuwar unguwa mai katangar bulo da daɓen siminti kuwa ita ce ta fi kama da biranen da aka yi nazari a Turai. Mai binciken da ya kwatanta gari da gona kawai ya ga babu bambanci, zai iya cewa gari bai cutar ba, alhali wuraren biyu ne suka talauce tare.

Ra'ayin Skutch ma na da gurbi a nan. Kyanwa da hankaka da yara masu danƙo sun fi yawa a gari. Idan zirga ta ragu, sai an tantance ko rashin abinci ne ko tsoro.

5.0 Tsarin Gwajin da Ake Ba da Shawara

Ana buƙatar muhalli 4: tsohuwar unguwa, sabuwar unguwa, gonar da ke shan feshi, da fadama ko kurmin da feshi bai kai ba. Jerin Funtua zuwa Maska ya ƙunshi dukansu a tazara kaɗan, kuma za a iya maimaita shi a Malumfashi da ƙauyukan Kafur. Gwara da marai da baiwar Allah sun isa a fara da su.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗalibin jami'a a Samaru ko Dutsin-ma ko Katsina ba. Ƙaramar kyamara a nesa da sheƙa za ta ba da yawan zirga da hoton loma, a awa ɗaya tabbatacciya da safe. Sikeli mai auna giram zai ba da nauyin 'ya'ya a kwana ɗaya tabbatacce bayan ƙyanƙyasa a kowace sheƙa. A yawancin tsuntsaye mawaƙa, kashin ɗan sheƙa yana fitowa a cikin farar jaka mai yauƙi wadda uwa ke ɗauka ta yar, kuma a madubin ƙara girma ana ganin ƙafafun fara da haƙoran tsutsa da ɓawon hatsi a ciki. Farin ƙyalle da aka shimfiɗa a ƙarƙashin itace na awa 24 zai tara kashin tsutsa, nauyinsa ya nuna yawan tsutsar da ke sama. Dole a rubuta ranakun feshi daga bakin masu gonakin, da ƙarfin ƙara a kowace sheƙa, kuma a nemi izinin masu gida da masu unguwa kafin a taɓa jinka ko katanga.

Gwajin Seress ne zai raba gardama. A ba rabin sheƙunan kowane muhalli ƙarin gara ko fara da aka kamo nesa da gonar feshi, a bar rabin. Idan 'ya'yan gari kaɗai suka ƙaru, sakamakon Turai ya tabbata a Funtua. Idan na gari da na gona suka ƙaru tare, na fadama ba su motsa ba, hasashe na biyu ya tsaya. Idan kuwa ƙarin bai canza komai ba a ko'ina, hasashen biyu sun faɗi, sai a koma ga zafin rufin kwano da ƙara da maharan sheƙa, a gwada kowanne shi kaɗai a damina 2 a jere, domin shekarar ruwa da shekarar fari ba sa ba da ƙwari iri ɗaya.